Waiwaye: Masu Ɗaurin Ƙafar Babur a Jimeta

Lokacin da gwamnatin Murtala Nyako ta hana zirga-zirgar babura a cikin Yola da Jimeta, a shekarun da rikicin Boko Haram ya fara taɓa Adamawa, maganar 'yan acaba ce ta cika gari. Su aka ji kukansu a rediyo, su aka yi ta tunanin yadda za su ciyar da iyali. Da yawa daga cikinsu suka koma tuƙin Keke Napep, wasu suka kwashi baburansu suka nufi garuruwa da ƙauyukan da dokar ba ta kai ba. An ɗan tuna da kanikawa da masu faci da 'yan bumburutu. Amma akwai sana'ar da ta bi babur ta fice daga tsakiyar gari ba a ko ambaci sunanta ba, ita ce ɗaurin ƙafa. Mai ɗaurin ƙafa shi ne wanda yake saƙa wayoyin ƙarfe tsakanin rim da cibiyar ƙafa, ya ja su, ya saita su, har ƙafar ta riƙa juyawa babu rawa babu tsalle. Keke Napep ba ya bukatarsa, domin ƙafafunsa ba su da waya; in rim ɗinsa ya lotse, ko dai a buga shi da guduma ko a sayi wani.

Abin da ya sa na tayar da zancen yanzu shi ne tsadar kaya ta mayar da mutane ga tsofaffin baburan da suka jingine. Za ka ga mutum ya sauke inji, ya canja fistin da ringi, ya sa sabuwar sarƙa, ya yi fenti, ya ɗinka wa kujera sabuwar riga. Da aka zo kan ƙafafu sai ya miƙa wa yaron kanike ƙunshin sababbin wayoyi ya ce ya zura ya matse. Kafin magariba an ɗaura taya an hau titi. Wannan sakaci ne da yake kai mutane asibiti, kuma a da ba haka ake yi ba.

Daga keke sana'ar ta faro. Tun babur bai yawaita ba, keken Raleigh ne abin hawan malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan kasuwa, don haka masu gyaran keke su ne suka fara sanin halin waya. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya shigar da babur gidaje da dama a Nijeriya. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola, Yola ta zama babban birninta, ma'aikata suka kwararo Jimeta inda ofisoshi da kasuwa suke. Titunan suka cika da Honda Benly da CG 125, da Suzuki da Yamaha, da 'yar roba-roba. Vespa ce kawai a cikinsu ba ta da waya a ƙafa. A wancan zamani galibi kanike mai inji ba ya shiga hurumin ƙafa. In ya gama nasa sai ya kwance ta ya ba yaro ya kai wa mai keke, ko wa wani da ya bar gyaran keke ya tsaya a kan ƙafar babur kaɗai.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na zamanin Babangida ya sa mota ta fi ƙarfin talaka, sai acaba ta kunno kai, babur ya tashi daga abin zuwa ofis ya koma abin neman abinci. An raba Gongola a 1991, Adamawa ta tsaya da kanta, gari ya ƙara faɗi, daga Jambutu zuwa Doubeli zuwa Karewa har cikin Yola. Sai ga Jincheng daga Sin, mai araha, daga baya kuma Bajaj Boxer daga Indiya. Abin hawan da aka ƙera don mutum biyu ya koma ɗaukar uku da buhu. Ba a taɓa bukatar mai ɗaurin ƙafa kamar a waɗannan shekaru ba, kuma a cikinsu ne aka fara raina aikinsa.

Kafin in faɗi yadda hakan ta faru, ya kamata a san abin da wayar take yi, domin rashin saninsa ne tushen rainin. Mutane da yawa sun ɗauka wayoyin da ke ƙasa ne suke tokare nauyin babur. Ciro waya ɗaya ka gani, da hannu za ka lanƙwasa ta, babu abin da za ta iya tokarewa. Ƙarfinta a ja yake. Kowace waya tana jan rim zuwa cibiya, 'yar'uwarta ta ɗaya ɓangaren tana ja ita ma, sai cibiyar ta tsaya daram a tsakiya. Wani Bature ɗan Ingila, George Cayley, shi ya fara tsara irin wannan ƙafa a 1808, yana neman ƙafa marar nauyi saboda injin tashi sama da yake mafarkin ƙerawa. A 1874 James Starley na garin Coventry ya fito da saƙar da wayoyi suke fita daga cibiya a karkace suna gitta juna, wadda ita ce ke ba ƙafa damar ɗaukar murɗar inji da ta birki. Wannan saƙa ce har yau a ƙafar Boxer da ke kan hanyar Song.

Idan aka hau babur, wayoyin da suka zo ƙasa a wannan lokaci sukan ɗan sassauta, da ƙafa ta juya sai su koma yadda suke. Muddin an ja waya yadda ya kamata tun farko, sassautawar ba ta kai ta saki gaba ɗaya. Wadda aka bari sako-sako kuwa, a kowane juyi sai ta saki ta sake ɗaurewa. Ƙafa mai inci 17 ko 18 tana juyawa fiye da sau 500 a kilomita ɗaya. Daga Jimeta zuwa Mubi kusan kilomita 200 ne, wato wayar za ta motsa kusan sau 100,000 a tafiya guda. Ƙarfe yana gajiya. Rana ɗaya sai ta karye a wuya, daidai inda ta lanƙwasa ta shiga cibiya. Nauyin da take ɗauka ya koma kan maƙwabtanta, su ma su bi ta. Kafin nan notinta yana ta warwarewa, kanta kuma yana cin ramin cibiyar, wadda alminiyam ce mai taushi, har ramin ya buɗe. In ramukan cibiya suka buɗe, babu sauran ɗaurin da zai zauna.

Matsewa fiye da kima ma ɓarna ce. Takan ja rim gefe guda, ta cinye zaren noti, ko ta tsaga ƙarfen rim a bakin rami. Abin da ake nema shi ne kowace waya ta ɗauki kasonta daidai da na 'yan'uwanta, kuma rim ya zauna a inda ya dace. Haɗa waɗannan biyu shi ne gwanintar, domin sau da yawa gyara ɗaya yakan ɓata ɗaya.

Na zauna a rumfar wani dattijo mai wannan aiki a wajen Doubeli tun babur yana shiga gari, na kuma ga yadda yake bi da ƙafa daga farko har ƙarshe. Ba ya kwance waya ko ɗaya sai ya auna. Yakan ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskar cibiya ta ɓangaren birki, ya auna tazarar da ke tsakaninsa da bakin rim, ya yi alama. Dalili kuwa, ba kowace ƙafa ce rim ɗinta yake tsakiyar cibiya sak ba, musamman ta baya mai ɗauke da birki da haƙoran sarƙa. Wanda bai auna ba zai iya ɗaure ƙafa ta miƙe sarai, amma in an ɗora ta sai ta ƙi bin sawun ta gaba, ko taya ta riƙa gogar ƙarfe. Yau da wayar hannu mutum zai ɗauki hoton saƙar kafin ya kwance. Shi a ka yake riƙe ta. Daga nan sai ya duba boris, domin in boris ya ci, ƙafa za ta yi rawa ko da wayoyinta lafiya lau, a yi ta wahalar banza. Sai ya kwantar da rim ɗin a kan shafaffen siminti ya ga ko ya zauna. Rim ɗin da ya faɗa rami ya lotse ba waya ce za ta miƙar da shi ba, kuma yakan faɗa wa mai shi gaskiya tun kafin ya karɓi kuɗinsa.

Yawancin ƙafafun baburan da muke hawa waya 36 ne da su, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai na ciki akwai na waje, lanƙwasar wuyansu ta bambanta, a wasu ƙafafun ma tsawonsu ya bambanta. Dattijon yakan ware su kashi huɗu, tara-tara, ya tsoma bakin zaren kowace a mai. Na ciki yake fara zurawa, domin in na waje suka riga shiga sun tare hanya. Ramukan rim kuma kowane da inda ya fuskanta: wannan hagu da gaba, wancan dama da baya. Wayar da aka cusa a ramin da ba nata ba takan shiga a tanƙware, kuma ajalinta ya kusa tun ranar. A nan ne yaran yanzu suka fi yin kuskure, musamman in an sayo rim ɗin wani babur aka haɗa da cibiyar wani.

In saƙa ta kammala, ƙafar sako-sako take, tana kaɗawa a hannu. Sai ya fara daga ramin bawul, don kada ya manta inda ya faro, ya murɗa kowane noti adadi ɗaya, ya zagayo, ya sake zagayowa, har zaren ya kusa ɓacewa a dukkansu. Sannan ya ɗora ta a kan tsohon fok da ya kafe a kututture, ya ɗaura 'yar guntuwar waya a gefe ta zama manuni, bakinta na kusan taɓa rim. Ya juya ƙafar a hankali, da alli a hannu.

Tsalle yake fara kashewa, wato inda rim ya yi tudu ko ya yi kwari in ana kallonsa daga gefe. Inda ya yi tudu sai ya ja wayoyin hagu da na dama tare, inda ya faɗa ya sassauta su tare. Bayan nan ya koma kan rawa, wato kaucewar rim hagu ko dama. In ya kauce hagu, ya sassauta wayoyin hagu na wurin, ya ja na dama. Rubu'in juyi yake yi wa noti, wani lokaci ma bai kai ba, kuma ba ya ɗora wa waya ɗaya gyaran. Yakan raba shi kan uku ko huɗu, ta tsakiya ta fi samu, na gefe su samu kaɗan. Akwai wuri guda da ya san ba ya ja-in-ja da shi, inda aka yi wa rim walda a masana'anta. Nan kullum akwai ɗan ƙulli, wanda bai sani ba zai yi ta bin sa har ya ɓata sauran ƙafar. Littattafan gyara na Honda sun sa milimita 2 a matsayin iyakar rawa ko tsallen da za a yarda da shi a rim. Dattijon bai taɓa riƙe irin wannan littafi ba, amma ƙafar da ta bar hannunsa da ƙyar ido yake ganin motsinta a bakin manuni.

Sai a zo ga abin da ya fi burge ni. In rim ya miƙe, yakan ci gaba da zagayawa yana ƙara ja kaɗan-kaɗan, sannan ya ɗauki 'yar sifanarsa ya riƙa ƙwanƙwasa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya karkata kunne, kamar mai molo yana gyara tsarkiya kafin ya fara kiɗa. Wadda ta ja sosai takan yi ƙara siririya mai tsawo. Wadda ta saki sai ta ce ƙwas ta yi shiru. Ba ya gwada ta hagu da ta dama in tsawonsu ba ɗaya ba ne. Kowace da 'yan kashinta yake auna ta. In ya sami mai shiru, ba ya danna mata ja haka kawai, domin rim zai kauce. Sai ya ja ta, ya ɗan sauke wa maƙwabciyarta ta ɓangare ɗaya wadda take ɗauke da nauyin su biyu, ya sake juya ƙafar ya duba. A ƙasashen da ke da kayan aiki akwai sifana mai ma'auni da agogon auna rim, amma ko can tsofaffin masu ɗauri ba su daina amfani da kunne ba.

Ko a nan bai gama ba. Yakan kama wayoyi bibbiyu ya matse su da tafin hannu da ƙarfi, ya bi kawunansu a cibiya da ɗan bugu, don duk wadda ba ta zauna a raminta ba ta zauna yanzu, kada sai an hau titi. Hakan yakan ɗan dawo da rawa, sai ya sake saitawa. Daga ƙarshe ya shafa cikin rim da yatsa, duk wayar da bakinta ya leƙo ta saman noti ya goge ta da zarto, ya yanko tsohon tub ya naɗe kan notunan. Wanda ya tsallake wannan zai yi ta kai wa mai faci kuɗi yana zargin ƙusa.

Wata rana ina zaune wani matashi ɗan acaba ya turo Jincheng da aka gama yi wa inji, ƙafar baya a sake.

"Baba, don Allah ka ɗan matse min su kawai, yau ko sisi ban yi ba."

Dattijon ya juya ƙafar sau ɗaya ya dube shi. "Yaro, matsewa ai kai ma ka iya, ga sifana nan. In kuwa so kake ta yi daidai, je ka yi la'asar ka dawo."

Yaron ya yi gunaguni, amma ya bar ta. Da ya dawo ya biya, har ya tayar da babur, sai dattijon ya kira shi. "Juma'a mai zuwa ka kawo min ita in saurara. Ba sai ka zo da kuɗi ba."

Wannan kira na a dawo shi ne abin da muka fi yin asararsa. Sabon ɗauri, ko na wane gwani ne, sai ya zauna. Kawunan wayoyi suna nutsewa cikin alminiyam, notuna suna samun mazauni a rim, lanƙwasar wuya tana ɗan miƙewa. A tafiyar farko ta 'yan ɗaruruwan kilomita ja yakan ragu, kuma ba daidai yake raguwa a kowace waya ba. Shi ya sa Honda ta sa duba ƙafa cikin sabis na farko, bayan kilomita 1,000, ga sabon babur ma da ya fito daga masana'anta. A hanyoyinmu, da irin kayan da muke ɗorawa, jiran 1,000 ya yi yawa. Dattijon ya ɗauki dubawa ta biyu a matsayin cikon aikin da aka riga aka biya shi, kuma in mai babur bai dawo ba yakan aika masa ta bakin abokan sana'arsa. A ganinsa ƙafar da ya ɗaure tana ɗauke da sunansa duk inda ta je.

Dokar hana babur ba ita kaɗai ta kashe wannan ɗabi'a ba. Ta tarar da ita tana jinya. Da kayan gyara masu araha suka fara zuwa daga Sin ta hannun 'yan kasuwar Nnewi da Onitsha da Legas, sai ya zama kana iya shiga shago ka sayi rim da wayoyi, ko ma ƙafa sukutum a ɗaure, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Mai babur ya fara lissafi: me zai sa in bar abin neman abincina yini guda a rumfa, in kuma biya ladan aiki, alhali ga sabuwa tana ƙyalli? Araha ba ta ado. Ƙafar shago ma tana bukatar mai saurare kafin a hau ta da bayan an hau, amma ba mai faɗa wa mai saye haka. Sannan 'yan acaba da yawa ba su ne masu baburan ba, balas suke kaiwa kullum, kowace awa da babur ya yi a tsaye daga aljihunsu take fita. Ban ga laifin yaron da ya ce a matse masa kawai ba. Tsarin ne bai bar masa sararin jira ba.

Akwai kuma halinmu na biyan abin da kunne ya ji ko ido ya gani. In aka yi wa inji aiki, da an tayar kowa ya ji bambanci. Fenti da sabon hon suna sayar da kansu. Ƙafar da aka ɗaure da kyau ba ta da wata alama, amfaninta shi ne abin da bai faru ba: wayar da ba ta karye ba, tub ɗin da bai fashe a gangare ba. Mai babur zai biya kanike ba ciniki, ya zo wurin mai ɗauri yana neman ragi a kan aikin da ya ci rabin yini. Yaro mai wayo da yake kallon haka ba zai zaɓi wannan sana'a ba, sai ya tafi wurin mai inji. Hatta hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, da ta tilasta sa hular kwano a farkon 2009, kan mahayi aka duba, wanda daidai ne, amma ban taɓa ganin gangamin da ya koya wa mahaya duba ƙafar da ke ɗauke da su ba.

Sai ƙafar zubi ta alminiyam ta zo, wadda yawancin baburan gayu suke da ita. Gaskiya tana da nata alheri. Ba ta bukatar saiti, tana karɓar taya marar tub, kuma a kan kwalta mai kyau, irin titunan da gadojin sama da aka yi wa Jimeta a zamanin Gwamna Ahmadu Fintiri, babu abin da za a ce da ita. Amma in ta daki dutse da ƙarfi tsagewa take yi, kuma walda ba ta mayar da ita yadda take. Ƙafar waya takan ɗan ba da kai ta shanye duka, in ta lanƙwashe a miƙar da ita, in waya ta karye a sa wata a kasuwar ƙauye. Gasar Paris zuwa Dakar ta farko, wadda aka kammala a Janairun 1979, ta ratsa ta Agadas da Yamai, kuma Cyril Neveu ya ci ta a kan Yamaha XT500 mai ƙafar waya. Tun 2020 a Saudiyya ake yin gasar, baburan sun canja ƙwarai, amma har yanzu da waya a ƙafafunsu. Masu kashe miliyoyi a kan babur ɗin hamada ba su sami abin da ya fi ta ba.

Hanyoyin da mutanenmu suke bi sun fi kusa da na waccan gasa fiye da titin Galadima Aminu. Babur ya bar tsakiyar Jimeta, amma da ka haye gadar Binuwai ka wuce Girei ka sauka daga kwalta, ko ka bi ta Fufore zuwa Gurin a bakin iyakar Kamaru, ko ka shiga ƙauyukan Mayo Belwa da Jada da Ganye, shi ne motar kowa. Shi ke fito da masara da gyaɗa daga gona, shi ke ɗaukar jarkoki, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare inda mota ba ta shiga. Da damina yakan tsallake rafi sau da yawa a yini. Ruwa ya shiga rim ya kwanta a ƙarƙashin robar da aka naɗe kan notuna, notuna su yi tsatsa su kafe, ranar da aka zo saiti su ƙi juyawa, dole a yanke wayoyin a sake saƙa. A shekarun ambaliya irin 2012 da 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, babura da yawa sun kwana cikin ruwa. An wanke musu inji an canja mai, ƙafafu kuwa aka bar su da tsatsarsu. Mutanen da suka fi bukatar ƙafa mai ƙarfi su ne suka fi nisa da wanda ya iya ɗaure ta.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, lissafin nan na a yar a sayi sabo ya daina ci. Rim da cibiya sun yi tsadar da dole a riƙa tattalinsu. Wannan dama ce ga sana'ar, in har masu babur suka canja hali. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai babur zai iya ɗaga shi a kan tsayuwar tsakiya sau ɗaya a mako, ya juya ƙafa ya kalli bakin rim kusa da wani abu tsayayye, ya bi wayoyin da sifana ko makulli yana saurare. Ta baya ta fi bukatar kulawa, don ita ke ɗaukar kaya da murɗar inji. In ɗaya ta yi shiru, a kai ta wurin wanda ya iya tun ba ta ja 'yan'uwanta ba. In uku ko huɗu a jere suka yi shiru, ko ɗaya ta karye, kada a ɗora fasinja, balle buhu. Al'adar naɗe karyayyar waya a jikin ta kusa da ita a ci gaba da tafiya ta kai mutum gida ce kawai, ba ta aikin mako ba. Wanda kuma ya ba da ƙafa a sake mata saƙa, ya tambaya ko an auna kafin a kwance, ya sa a juya ta a gabansa, ya kuma nemi a sa masa ranar dawowa.

Waɗanda suka iya aikin ba su ƙare ba. Suna nan a bayan gari da kasuwannin ƙauye, da yawa sun koma gyaran keke inda suka fito, kuma shekaru sun ja musu. Ƙungiyoyin kanikawa da na masu acaba, da makarantun koyon sana'a na jihar, za su iya nemo su su haɗa su da yara tun hannunsu bai fara rawa ba. Jarin da ake bukata bai wuce sifanar waya da tsohon fok da zarto da alli ba. Sauran shi ne zaman watanni kusa da wanda ya iya har kunne ya buɗe, da masu babur da za su yarda ƙafa ta yini a rumfa, su kuma biya kuɗin yinin ba tare da neman ragi ba.